Ɗana, Motagga Ba Ta Gudu

Daga Allah muka zo, kuma gare shi za mu koma, kowa da ranarsa. Surukina, mahaifin maigidana, wanda duk gidan muke ce wa Baba, ya riga mu gidan gaskiya a bazarar da ta wuce, a ɗakinsa da ke Argungu, bayan doguwar jinyar karayar ƙugu.

Na yi zaman makoki a cikin gida tare da mata, kuma kunnena ya ji abin da ya ji. Manoman shinkafa sun zo daga Gulma da Augie. Masu gyaran injin ban ruwa sun rufe rumfunansu sun zo, da baƙin mai a farce. Wani tsohon masunci, amininsa tun na ƙuruciya, ya dogara sanda har ƙofar ɗakin Hajiya, surukata, don ya yi mata gaisuwa. Ya fara da addu'a, sai ya tuno wani injin jirgin ruwa da Baba ya taɓa gyara masa. "Hajiya," in ji shi, "rannan jirgin bai tsaya ba sai da yah hau tudu da ni!" Ya yi dariya har sandar ta faɗi, daga nan dariyar ta juye kuka, aka kama shi aka fitar.

Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne maganar ƙasa-ƙasa da ke yawo a bakin tabarma. "Wai motar wasan yara tak kada shi?" "Dattijo da hurhura tai, mi yak kai shi?" Wata baƙuwa har ta ce a nuna mata yarinyar. Aka nuna mata ɗiyata tana wasa da murfin kwalba a gindin rijiya, ta yi mata wani dogon kallo, ta taɓe baki. Na tashi a gaban kowa na janye yarinyar na ɗora ta a cinyata. Mata suka dubi juna, don ɗiyar fari ce, kuma a gidan surukai muke. Ban sauke ta ba.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na so a riƙa tuna Baba a matsayin tsohon da abin wasa ya kayar. Ba kuma zan shafa masa mai don ya mutu ba. Na ƙaunace shi kamar uban da ya haife ni, kuma a duniyar nan ba wanda ya taɓa jefa ni cikin tsoro irin wanda ya jefa ni.

Baba manomin shinkafa ne, amma rabin ransa yana wurin ƙarfe. Ba ya iya barin abu yadda ya fito daga shago. In ka ba shi rediyo da hantsi, kafin magariba ya buɗe bayanta. Maganarsa kullum ita ce, "Masu ƙera abubuwan ga tsoro gare su. Sun ɓoye ƙarhin ciki, ni hiddo shi kawai nika yi." Ya taɓa fiddo ƙarfin fankar Hajiya, irin ta tebur, har ta riƙa tafiya da kanta tana kaɗa kai, ta je ta faɗa cikin kwanon fura. Hajiya ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba. Shi kuwa ko a jikinsa, duk wanda ya shigo sai ya tare shi da fara'a ya ce, "Ka taɓa ganin hwanka mai tahiya?"

Sanda aka kawo ni gidan ina amarya, kafin aikin maigida ya mai da mu Birnin Kebbi, ban taɓa haɗa ido da shi ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. In zai shigo sai ya fara gyaran murya tun daga zaure, ya ja takalmi da ƙarfi, don in samu in shige ɗaki. Ina da tsohon ciki ya hango ni ina jan guga. Washegari na ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe tun da safe, kafin azahar ga wani tsohon injin fadama a bakin rijiya, ruwa na zuba ta tiyo. Ya ce wa Hajiya, da ƙarfi yadda zan ji daga ɗaki, "Ki hwaɗa ma ɗiyar mutane ta bar guga." Haka muka yi ta magana da shi shekara da shekaru, komai sai ya bi ta bakin Hajiya.

Da na haihu mace, ya sa aka raɗa mata sunan mahaifiyarsa. Babu girmamawar da ta fi wannan a gidan, kuma na yi kukan daɗi. Sai dai tun daga ranar sunan ya zama abin da ba a furtawa. Wa zai buɗe baki ya kira sunan uwar mai gida a tsakar gidansa? Kowa sai ya ce Inna. Baba kuwa ya ɗauki abin da gaske fiye da kowa. Yakan durƙusa ya gaida jaririya, "Inna, an tashi lahiya?" Da ta fara magana ya koya mata ta riƙa ce masa "Ɗana". In ta ce ya zauna sai ya zauna. In ta ce ya ba ta hularsa sai ya cire, ya ci gaba da hira da baƙi da sanƙonsa a waje.

Ni kuma bakina a ɗaure yake ta gefe biyu. Ɗiyar fari ce, kuma ba a san uwa da nuna damuwa kan ɗan fari a gaban surukai ba. Ko faɗuwa ya yi sai ki kau da kai, wata ta ɗauke shi. Ga shi kuma uwar Baba ce. Ni wace ce da zan shiga tsakanin mutum da uwarsa? Haka aka rene ni, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba, har sai da jar motar nan ta shigo gidanmu.

Ƙanena ne ya kawo mata ita tsaraba, tana shekara huɗu. Motar roba ce mai batir, yaro ya shiga ya taka totur ta tafi. Ba ta da birki. In ya ɗaga ƙafa sai ta tsaya. Tafiyarta ba ta fi ta mai tallar kunu ba. Abin da na fi so a cikin kwalin shi ne rimot ɗin iyaye, ɗan ƙarami, da jan maɓalli a tsakiya, ana dannawa motar ta tsaya cik. Na riƙa ɓoye shi a ƙarƙashin hijabi. Ko gidan ya cika da dangin miji, ina zaune ina tsintar shinkafa, ban kalli yarinyar ba, ban ce uffan ba, amma da ta doshi ƙofar gida sai babban yatsana ya yi aikinsa. Ba wanda ya sani. Ban taɓa samun abin da ya dace da irin zamana kamar rimot ɗin nan ba.

Sai Baba ya zo Birnin Kebbi ganin likitan ido, ya sauka wurinmu. Ya zauna a tabarma yana kallon motar tana rarrafe a tsakar gida, ya ɓata fuska kamar an ba shi magani mai ɗaci. Yarinyar ta zo ta tsaya a gabansa.

"Ɗana, motagga ba ta gudu."

"Na gani, Inna. Sun raina ki."

"Ka sa ta gudu."

"To, Inna. An gama."

Ina madafa na ji su.

Ranar ko hanyar asibiti bai kalla ba. Ya kifa motar, ya kwance kujerar, ya ciro ɗan batir ɗin ya ɗaga shi sama da yatsa biyu yana dariya. "Bolt shidda! Wanga ko tocila ba shi ƙosarwa." Ya hau kabu-kabu ya tafi kasuwa, ya dawo da batir irin na injin feshin maganin ciyawa, mai bolt goma sha biyu. Yana haɗawa sai hayaƙi ya tashi daga wani ɗan akwati da ke ƙarƙashin kujera, da warin ƙonanniyar roba. Ya shinshina, ya yanke wayoyin akwatin ya wurgar da shi gefe, ya haɗa batir kai tsaye da totur. "Wanga shi ka riƙe ta," in ji shi.

Da la'asar ta hau. Motar ta zabura, kan yarinyar ya yi baya, ta ƙyalƙyale da dariya. Ta zagaya bishiyar dogon yaro, ta miƙe ta nufi ƙofar gida, wadda wani ya bari a buɗe. Na danna maɓalli a ƙarƙashin hijabi. Motar ba ta tsaya ba. Na sake dannawa, na yi ta dannawa har yatsana ya yi zafi. Ashe akwatin da Baba ya wurgar shi ne mai jin maganar rimot. Yarinyar ta ɗaga ƙafa don kanta, dab da dokin ƙofa, daidai lokacin da wani ɗan kabu-kabu ya gifta a guje. Baba yana ta tafi. Ni kuwa na zagaya bayan gida na yi amai.

Da muka keɓe na ce wa maigida, "Don Allah ka yi ma Baba magana."

"In ce mai mi?"

"Ka ce mai gudun ya yi yawa."

"Ni in tsaya gaban Baba in yi magana kan ɗiyata ta hwari? Wadda yas sa ma sunan uwa tai? Ke kin iya?"

Ban iya ba. Shi ma tsoron yake ji, na gani a idonsa. Ya fita ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar gida, iyakar maganar da ya iya yi ke nan. Na je gidanmu na gaya wa mahaifiyata, ina sa ran za ta ba ni wata hanya. Ta saurare ni har na gama, ta ce in yawaita addu'a in kuma kame bakina, kada in ja a ce ba su ba ni tarbiyya ba.

Sai na koma 'yan dabaru irin na marasa baki. Na ɓoye cajar a cikin buhun gero. Baba ya jona batir da solar gidan. Bayan ya koma Argungu na ce wa yarinyar motar ba ta da lafiya; ta kai ƙarata wurin ɗanta ta waya, ya ce a gaya wa motar yana nan tafe. Daga ƙarshe ya aiko cewa tsakar gidanmu ya yi wa Inna kaɗan, in an yi hutu a kawo motar Argungu, can akwai fili. Mu da hannunmu muka sa ta a but ɗin mota muka kai masa.

Mutum ɗaya ce a duniya ke iya yi masa tsawa, ita ce Hajiya, kuma ta yi. Ta same shi a zaure yana naɗa wa tayoyin motar robar tayar babur, wai na asalin suna sulɓi, suna zubar da ƙarfi a banza.

"Malam, kai dai ba ka jin tsoron Allah? Ɗiyar mutane ta hwa!"

"Uwata ta. Tsakanina da uwata na."

"Uwakka tana kabari, Allah shi jiƙan ta. Wagga jinjira ta!"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da naɗa roba. Can ya ce, "Ga uwayenta nan cikin gida. Wa yac ce a bari?" Ina bayan ƙyaure riƙe da tiren abinci, kuma ya san ina nan. Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye ta, na ajiye tire na juya.

Ranar ce Hajiya ta gaya mini abin da ban sani ba, muna zaune muna gyaran kifi. Mahaifiyar Baba ta rasu yana saurayi, a kan haihuwa. Lokacin suna wani ƙauye ta wajen Gulma. Naƙuda ta ƙi, aka ɗora ta a amalanken shanu za a kawo ta asibiti Argungu, kuma shi ne mai korar shanun. Ya yi duka, ya yi roƙo, shanu suna tafiyarsu ta shanu. Sun fara hango rufin kwanon gari ta cika. "Tun rannan," in ji Hajiya, "ba shi ƙaunar abin da ka tahiya sannu. Ko ni, in ina gabanai sai shi ce in ɗaga ƙahwa." Na tausaya masa har na yi hawaye a kan kifin. Tsorona kuwa ya ninka, domin na gane ba wasa yake yi ba, kuma babu ranar da zai ce gudun ya isa.

Bai isa ba kuwa. Fiyus ya riƙa ƙonewa, sai ya cire shi ya murɗa zaren waya a wurin. Sannan ya sayo batir na biyu ya jera su, ya ɗaure da roba a bayan kujera. Motar ta koma wani irin kuka mai tsini, wanda har yau in injin markaɗen maƙwabta ya tashi sai in tuna shi. In yi masa adalci, ya yi tunanin tsaro irin nasa. Ya samo ƙwarya ya cusa mata tsumma ya kifa wa yarinyar a ka, wai hular kwano. Ya ɗaura igiyar taru a bayan motar, ya naɗe ɗaya bakin a hannunsa, yana bin ta da sassarfa, babbar riga a kafaɗa. "Ni na birkin," yake cewa. Mutumin da ya haura saba'in ke nan, ga ciwon ido da bai tsaya an duba ba.

A ƙofar gidan akwai fili mai faɗi da aka yi wa siminti, inda ake shanyar shinkafa. Yana da ɗan gangare, kuma ƙarshen gangaren titi ne, inda motocin albasa ke wucewa. Lokacin an gama girbi, an baza tamfol ko'ina, an tara wata shinkafar tsibi-tsibi. Bayan la'asar ne. Maza na zaune a benci a gindin bango, mu mata mun fito kwashe shanya. Na zaɓi tamfol ɗin da ya fi kusa da titi, kamar yadda nake yi kullum, kuma ba wanda ya taɓa tambayata dalili.

Ta yi 'yan zagaye lafiya, Baba na biye da ita yana haki yana yi mata kirari. Sai na ga ta ɗaga ƙafarta. Ta ɗaga ta sama sosai har ina ganin tafin takalminta, motar kuwa ba ta rage gudu ba. Daga baya aka ce wutar ce ta yi wa maɓallin da ke ƙarƙashin totur yawa, ya narke ya manne. A lokacin ba abin da na sani sai ƙafar nan a sama. Baba ya ja igiya ya turje, sai ƙafarsa ta hau shinkafar da ta zube a siminti. Ya zame ya faɗi ta gefe, na ji ƙarar faɗuwarsa daga inda nake. Igiyar ta warware daga hannunsa ta bi motar.

Motar ta miƙe gangare. Kowa ya ɗauki ihu, "Inna! Inna! Inna!" Maza suka taso a guje, amma suna can baya. Yarinyar ta saki sitiyari ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta runtse ido, baki buɗe. A kan titi wata babbar mota shaƙe da buhunan albasa ta kunno kai tana danna hon. Na zabura in tare, zanina ya harɗe ni, na ga ba zan kai ba.

Sai na kira ta. Ba Inna na ce ba. Sunanta na yanka na kira, sunan uwar Baba, da wata murya da ban san ina da ita ba, a gaban Baba da Hajiya da ƙannensa da duk unguwa. Ta buɗe ido ta dube ni, don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. "Kama sitiyari! Juya nan! Cikin shinkahwa!" Ta kama, ta murɗa da iyakar ƙarfinta. Motar ta karkata har tayoyin gefe suka tashi, ta nutsa cikin tsibin shinkafa, ta maƙale tana kuka, tayoyi na watso tsaba. Motar albasa ta wuce, iskarta ta ɗaga mini hijabi.

Na fizgo ta na rungume, ina lalube jikinta ko'ina, ina ta maimaita sunan nan ban fasa ba. Leɓenta ne kawai ya fashe. Sai da wani ya tsinke wayar batir kukan motar ya mutu, sannan na ji shirun da filin ya yi, na kuma gane abin da bakina ya aikata. Baba na kwance inda ya faɗi, ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Ko nishi ba ya yi. Ni yake kallo.

An kai shi asibiti, an dawo an kira maɗori, an yi duk abin da ake yi. Ƙashin tsoho bai haɗu ba. Ni kuma sabon tsoro ya same ni. In mun je duba shi sai in aika abinci, in gaida shi daga bakin ƙofa da muryar da ni kaina ba na ji. Matan gidan ba su ce mini komai ba, kuma da sun faɗa da ya fi mini sauƙi. Kullum ina jiran a kira maigida a ce masa matarsa ba ta da kunya, ta yi wa uwar mai gida kiran 'yar tsara a bainar jama'a.

Amma akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Leɓen yarinyar ya warke, ta manta, ta koma tambayar motarta. Motar tana jingine a zaure, ba wanda ya isa ya taɓa ta ba da izinin Baba ba. Kuma na san shi. Na san ko a kwance yake, in ta ce "Ɗana", zai sa a miƙo masa filaya da sukundireba, ya ce wancan karon maɓallin ne ƙarami, bari a sa babba.

Wata Juma'a da hantsi, muna Argungu, Hajiya ta leƙo ta ce mini, "Shina kiran ki." Na je na durƙusa a bakin ƙofa. Ya rame ƙwarai. Ya juya fuskarsa bango, na san don kada in ji nauyi ne.

"Shigo, ɗiyata. Zamna."

Wannan ne karo na farko da ya yi mini magana ba ta bakin kowa ba. Na shiga na raɓe a gefen tabarma.

"Tun yaushe kika tsoron motagga?"

"Tun ran da kunka buɗe ta, Baba."

"Tun Birnin Kabi?"

"I, Baba."

"Ba ki ce komi ba."

"Ɗiyar hwari ta, Baba. Kuma Inna ta."

Na ga kafaɗarsa na motsi. "Ni kau," ya ce, "da nig ga kin kau da kai, sai nic ce yarinyar ga ta san kunya, ba ta iya yi ma ɗiyatta gata gaban mutane. Bari in yi mata a madadinta. Rabin abin don ke niy yi shi."

Watanni ina ganin mutumin nan zai kashe mini ɗiya, shi kuwa yana ganin kyauta yake yi mini.

"Sunan da kik kira," ya ce.

Na sunkuyar da kai, na ce a raina yau dai ta zo. "Baba, ku gahwarce ni."

"Bari. Tun da anka ruhe ta ban ƙara jin shi ga bakin mutum cikin gidan ga ba. Kowa kunyata shika ji. Ni kaina ban iya hwaɗinai." Ya numfasa. "Kira min ita. Da shi."

Na ɗaga labule na kira. Kiran bai yi ƙarfi ba, sai na sake kira da kyau. Tsakar gidan ya yi tsit, mai daka ta tsaya da taɓarya a hannu. Yarinyar ta taho a guje, ƙafa duk ƙasa, ta wuce ni ta haye gadonsa.

"Ɗana, yaushe za ka gyara min mota?"

Na ga yatsunsa suna motsi a kan bargo, suna murɗa abin da babu, yadda suke yi in ya ga ƙarfe. Tun da aka haife ta bai taɓa ce mata a'a ba, kuma na ga yau ma ba zai iya ba.

Ya shafa kanta. "Inna, ni ɗa na, ba ni da iko. Ga uwakki nan. Tambaye ta."

Ba a taɓa ce mini uwarta a gidan nan ba. Ta juyo ta dube ni. Hajiya na tsaye a bayana, maigida ya zo bakin taga, ina jin idanun matan gidan ta cikin labule.

"Mama, a gyara?"

Na ce, "A'a."

"Ba ta ji ba," in ji Baba. "Ɗaga murya."

"A'a," na ce. "Ba a gyara ta. Ba ki ƙara hawanta."

Ta dubi ɗanta tana jira ya rushe maganar, kamar yadda yake rushe ta kowa. Bai rushe ba. Sai ta fashe da kuka, tana dukan ƙirjinsa da 'yan hannayenta, tana cewa ba ta son shi, ba ɗanta ba ne. Ya bar ta tana duka, hawaye na bin gefen fuskarsa suna shiga kunne.

Wannan ne ganinmu na ƙarshe da shi. Allah ya gafarta masa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi abin da ya fi wanda ya bari. Da za mu tafi ranar na kai ta ta yi masa sallama, ta ƙi, ta juya masa ƙeya tana shessheƙa. Kalma ɗaya, "to", za ta dawo masa da ita. Ya sani, ni ma na sani, na tsaya ina jiran ya faɗe ta. Ya daɗe yana kallon ƙeyarta, sannan ya ce da ni, "Ku tahi, rana na yi. Allah shi kiyaye hanya."